RA'AYINMU: Ilimin Kula da Dabba da Gona Yana Nan, Saura Mu Kai Shi Majami'unmu

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata na Zumunta, da ku matasa, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna fata wannan fitowa ta same ku lafiya, ku da iyalanku da abin kiwonku.

Da gangan muka sa abin kiwo cikin gaisuwar, gama a kansa za mu yi magana. Yawancin ikkilisiyoyin wannan tarayya na ƙauye ne. Baikon ranar Lahadi, da zakkar kaka, da kuɗin makarantar yara, da kwanon rufin majami'a, duk daga gona da turke da akurki suke fitowa. Idan bijimin huɗa ya faɗi a farkon damina, gida guda ya shiga uku, asusun ikkilisiya ma zai ji a jikinsa kafin Kirsimeti. Duk da haka, in ka duba tsarin ayyukan shekara na yawancin majami'unmu, za ka ga taron farkawa, da makon mata, da makon matasa, da gasar mawaƙa, amma da wuya ka ga an ware ko da sa'a guda domin koyar da yadda ake kula da dabba ko yadda ake raya ƙasar da ta gaji. Ra'ayin wannan jarida shi ne, ilimin nan yana nan birjik a rediyo da ƙasidu da littattafai da wayoyin da ke aljihun 'ya'yanmu, ikkilisiya kuwa ita ta fi kowa dacewa ta ɗauko shi ta kai wa mutanenta, domin ita ce take tara su mako-mako.

WANNAN MA MAGANAR BANGASKIYA CE

Wani zai ce, ina ruwan bagadi da jaki? To, mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A Farawa 2:15 aikin da aka fara ba mutum kashi biyu ne, noman gonar da kuma kiyaye ta. A Farawa sura 9, alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tsufana ya haɗa da Nuhu da zuriyarsa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. Dokar hutun Asabar a Fitowa 23:12 ta ambaci sa da jaki da sunansu. Maimaitawar Shari'a 22:10 ta hana a haɗa sa da jaki a garma ɗaya, kowane manomi kuwa zai gane hikimar wannan, gama ƙarfinsu da takunsu ba ɗaya ba ne, ƙaramin ne zai sha wuya. Littafin Firistoci sura 25 ya ba ƙasa kanta hutu a shekara ta bakwai. Karin Magana 12:10 kuma ta mai da yadda mutum yake riƙon dabbarsa wani ma'auni na adalcinsa.

Akwai ayar da kusan kowane ɗan ikkilisiya ya sani, wato Maimaitawar Shari'a 25:4, wadda ta hana a ɗaure bakin san da ke aikin sussuka. An fi jin ta ranar da ake maganar albashin fasto, gama Manzo Bulus ya yi amfani da ita haka a 1 Korantiyawa sura 9 da 1 Timoti sura 5. Haka yake. Amma kafin ayar ta iso kan fasto, a kan sa ta fara sauka. Bulus ya tashi daga ƙarami ne ya hau zuwa babba, bai soke hakkin san ba. Ikkilisiyar da ta iya kare hakkin mai wa'azi da wannan aya, ya kamata ta iya tuna wa membobinta hakkin dabbar da aka fara rubuta ayar a kanta.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce cin nama zunubi ne ba, gama Allah ya halatta shi tun zamanin Nuhu. Ba mu kuma ce dabba daidai take da mutum ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda aka ba izinin amfani da abu, ba a ba shi izinin zaluntarsa ba.

ABIN DA IDANUNMU SUKE GANI

Kowa ya san hoton. Bijimi da gyambo a wuya saboda karkiyar da ba a sassaƙe ta da kyau ba, ana kuma ci gaba da huɗa da shi har rana ta take. Jaki da miki a baya saboda ba a sa masa akumari mai kauri ba, an kuma labta masa mangala fiye da ƙarfinsa, in ya durƙusa sai sanda. Kaji a ɗaure ƙafa sama kai ƙasa a bayan babur, daga gida har kasuwa. Shanu a cunkushe cikin tirela daga kara zuwa Legas, kwana da kwanaki, wasu su isa da karaya, wasu a mace. Awaki suna cin leda a juji, su yi ta ramewa, sai ranar da aka yanka a tarar da tumbi cike da roba.

A gona ma haka. Ana banka wa karan dawa da ciyawa wuta bayan girbi, abin da ya kamata ya rufe ƙasa ya ruɓe ya zama taki. Ana tuge kowane tsiron itace a lokacin sassabe. Ana feshin maganin ciyawa ba safa ba takunkumi, a wanke tankin a bakin rafin da ake sha. Ana zuba wa wake fiya-fiya domin kada ya yi ƙwari, sa'an nan a dafa wa yara. Wannan bai tsaya a gidajenmu ba: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Waken da wasu suka ƙi saya, shi muke ci.

Yawancin masu yin waɗannan abubuwa ba mugaye ba ne. Haka suka tarar ana yi, ba su kuma taɓa samun wanda ya nuna musu wata hanya ba. A shekarar 1979 masana kiwo a Ingila suka taƙaita hakkin dabba cikin abubuwa biyar, duniya kuma ta karɓe su: kada a bar ta da yunwa ko ƙishirwa, a ba ta makwanci da inuwa, a tsare ta daga ciwo da rauni a kuma yi mata magani, a ba ta fili ta yi rayuwa irin tata, kada kuma a riƙa firgita ta. Ba ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya kiyaye su ma shi ne da riba, gama bijimin da wuyansa lafiya ya fi jan garma, kazar da ba a takura ba ta fi ƙwai, fatar da ba tabo ta fi daraja a kasuwa.

INDA ILIMIN YAKE

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Bari mu nuna inda za a tona.

Na kusa shi ne rediyo. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da gidajen rediyon jihohi sun daɗe suna gabatar da shirye-shiryen noma da kiwo cikin Hausa, wasu ma ana buga waya a yi tambaya. Sau da yawa shirin yakan wuce ba wanda ya saurara, domin ba wanda ya sanar da ranarsa da lokacinsa.

Sa'an nan akwai cibiyoyin gwamnati waɗanda da kuɗin harajinmu ake tafiyar da su. A Samarun Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda asalinta ya koma shekarar 1922, da cibiyar NAERLS mai buga ƙasidu domin malaman gona da manoma. A Shika akwai cibiyar NAPRI ta binciken kiwo. A Vom ta Jihar Filato akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi wadda aka kafa a 1924, inda ake yin alluran rigakafi. Dattawanmu ba su manta da bushiya ba, wadda ta share garkuna a 1983. Rigakafi ne ya yi maganinta, har a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yanzu annobar awaki da tumaki ake so a ga bayanta nan da 2030, tana kuwa da rigakafi. Cutar da take kwashe kajin gida da hunturu ma tana da rigakafi mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a idon kaza. Iyayenmu mata nawa ne suka yi asarar akurki guda domin ba su taɓa jin wannan ba?

Akwai kuma littattafai. Wani likitan dabbobi mai suna Bill Forse ya wallafa Where There Is No Vet a 1999, domin ƙauyukan da ba likitan dabbobi kusa. Da Turanci mai sauƙi aka rubuta shi, da zane-zane, yadda ɗan sakandare zai iya karantawa ya fassara wa babansa. Ƙungiyar Kirista ta Tearfund ta fara fitar da mujallar Footsteps a 1989, tsofaffin fitowarta suna nan a intanet kyauta, da darussa kan taki, ajiyar hatsi da kiwo. Ƙungiyar Access Agriculture kuma tana da gajerun finafinai inda manomi yake nuna wa manomi aiki da hannunsa, an fassara su cikin harsuna da yawa, har da Hausa, ana iya sauke su a waya a kalla ko ba sabis.

Ikkilisiya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun ƙarshen shekarun 1950 mishan na SUM ya fara shirin Faith and Farm a ƙasar Filato, yana koyar da noma tare da bishara. ECWA ta kafa sashenta na raya karkara, ga kuma ƙungiyar CRUDAN a yankin Jos wadda take horar da ma'aikatan ikkilisiya kan ayyukan raya al'umma. Iyayenmu na bangaskiya sun ɗauki garma da Littafi tare. Abin da muke kira a yi, komawa ne ga aikinsu.

DARASI DAGA MARADI

Idan ana neman shaidar abin da ilimi mara tsada yake iya yi, a duba maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, yana ta dashen itatuwa a ƙasar Maradi, yawancinsu kuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya fara koya wa manoma su zaɓi toho mafi ƙarfi daga kowane kututture, su datse sauran, su kāre waɗanda suka bari. Mutanen wurin suka sa wa aikin suna sassaben zamani. Ba a bukatar sayen iri, ba a bukatar ban ruwa, wuƙa ko adda kawai.

Da fari an yi masa dariya, gama an saba cewa gonar manomin kirki ita ce wadda aka share tas. Bayan yunwar 1984 mutane suka fara gwadawa, da suka ga amfanin sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Masana da suka auna daga baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Babban cikinsu shi ne gawo, wanda kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Itace ɗaya ya ciyar da ƙasa, ya ciyar da akuya, ya ba mace makamashi kusa da gida.

A Burkina Faso kuma wani manomi Musulmi, Yakuba Sawadogo, ya gyara tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a faƙo tun da rani, a zuba takin gargajiya a ciki. Gara takan biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya a ramin, a shuka a ciki. A Nijar ana kiran wannan tassa. An yi fim a kan aikinsa a 2010, a 2018 kuma aka ba shi da Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Yakuba ya rasu a Disamba 2023. Ɗan mishan da manomi Musulmi, kowa ya koyar da kowa ba tare da tambayar addini ba. Tun da takin zamani ya yi tsada, musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, waɗannan dabaru sun zama bukata a gare mu.

Maganar wake ma tana da mafita. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da buhun PICS mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ninki tam, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba.

A TACE KAFIN A SHA

Wayar da take kawo ilimi, ita ce take kawo ƙarya. A WhatsApp da Facebook ana yawo da haɗe-haɗen magunguna da aka ce suna sa kaza girma cikin mako biyu, ko allura ɗaya mai warkar da kowace cutar shanu. Kafin a karɓi irin wannan, a tambaya: wa ya faɗa, me yake sayarwa, a ina aka gwada? Maganar magani a kai ta wurin likitan dabbobi ko malamin gona. Sabuwar dabarar noma a fara gwada ta a kusurwar gona shekara guda. A kuma karanta takardar jikin kwalba, gama takan nuna kwanakin da za a jira bayan allura kafin a sha nono ko a ci ƙwai ko nama.

Wasu finafinan ƙasashen waje suna nuna azabar da kaji da aladu suke sha a manyan gonaki, sa'an nan su ƙare da cewa a daina cin nama gaba ɗaya. Ba lalle mu bi su zuwa can ba. Amma gargaɗin ya shafe mu, domin matasanmu da yawa sun shiga kiwon kajin gidan gona, jarabar cusa kaji ɗari biyu a ɗakin ɗari tana nan.

ROƘONMU GA DATTAWA

Na farko, kowace majami'a ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su zama masu kula da sha'anin gona da kiwo. Su nemi sanin malamin gona da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma, su riƙa sanar da ranakun rigakafi da lokutan shirye-shiryen rediyo a cikin sanarwar Lahadi.

Na biyu, a ajiye akwati a ofishin fasto domin ƙasidu da littattafai, a riƙa ba da aro. Matasa masu waya su sauke finafinan, a nuna su da yamma bayan addu'ar mako, a tattauna. Kada a bar iyayenmu mata a baya, gama su ne masu awaki da kaji.

Na uku, kafin damina a ware rana guda a gayyaci masani ya zo. A buɗe ƙofa ga dukan ƙauye, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi. Cutar dabba ba ta tsayawa a kan iyakar gida.

Na huɗu, in ikkilisiya tana da gona, ta zama gonar gwaji. A daina ƙona kara, a bar toho, a juya dawa da wake ko waken suya domin rage wuta-wuta. Gani ya kori ji.

Na biyar, a gyara watandar Kirsimeti. Kada a sayi sa mara lafiya domin araha, kada kuma a yanka dabbar da ta faɗi farat ɗaya a raba nama. A Yulin 2023 an tabbatar da ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja, cuta ce kuwa mai kama mutum. A ba dabbar ruwa da inuwa, a wasa wuƙa sosai, a yanka da sauri, ba a gaban 'yar'uwarta ba, ba kuma da ihun yara ba.

Na shida, a riƙe jaki. Cinikin fatarsa zuwa Sin, inda ake yin wani magani da ita, ya rage jakuna ƙwarai a ƙasashenmu, har a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su domin fata. Kuɗin fata na rana ɗaya ne, jaki kuwa shi yake ɗauke wa gwauruwa ruwa da itace shekara da shekaru.

SHAIDARMU

Mu 'yan kaɗan ne a yawancin garuruwan da muke. Malamin gona ba ya yawan zuwa unguwanninmu, samun sabon fili ma ba shi da sauƙi a gare mu, saboda haka ɗan abin da ke hannunmu dole mu riƙe shi da kyau mu bar wa 'ya'yanmu. Maƙwabtanmu kuma, waɗanda ba za su shiga majami'a su ji wa'azi ba, suna ganin bayan jakinmu da wuyan bijiminmu kowace rana.

Akwai wuri ɗaya da wannan koyarwa take da nauyi. Mun san zafin da ke zuciyar wanda shanu suka cinye masa gona, mun san gidajen da 'yan bindiga suka kwashe wa garke, ba mu raina hawayen kowa ba. Amma Fitowa 23:4-5 ta umarci mai bi ya mayar da dabbar maƙiyinsa da ta ɓace, ya kuma taimaki jakin mai ƙinsa in ya faɗi da kaya. Saboda haka sare saniya ko zuba guba a kududdufi domin ramuwa ba hanyarmu ba ce. A kai ƙara wurin mai unguwa da hakimi da hukuma, a nemi diyya, dattawa su raka mai ƙara su tsaya masa har a yi adalci. Dabbar ba ta san iyakar gona ba.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, sakatarori kuma su rubuto mana abin da aka yanke da abin da aka gwada, domin mu buga sauran 'yan'uwa su ƙaru. Ubangiji wanda yake ciyar da tsuntsayen sama ya albarkaci gonakinku da garkunanku, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Edita